Hannun Surukina Bai Yi Rawa Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai koma. Surukina, mahaifin matata, wanda nake ce wa Baba, ya rasu ranar Talata da hantsi a asibiti, aka kai shi makwancinsa ranar Laraba bayan azahar. Ni ba marubuci ba ne. Gyaran na'urar sanyaya gida da ta ɗumama gida ce sana'ata. Amma akwai wata magana da aka yi ta maimaitawa a wurin zaman makoki wadda ba gaskiya ba ce, kuma ni ne sanadinta. Don haka zan faɗi abin a jere, yadda ya faru.

An yi zaman a benen da yake haya a Alexandria, nan ƙasar Turawa da muke zaune. Mata suna sama a hawa na tara, maza muna zauren ƙasa. Wata Hajiya 'yar Kumasi mai shagon kayan miya a Landover ta shigo da tukunyar shinkafa da wake, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce, "Shekara huɗu ban ɗanɗana naman barewa ba. Ban tambaye shi ba, don kar in tuna masa." Sai ta rufe fuska da mayafi.

Amininsa, wani Badamagare direban tasi, ya zauna a kusurwa yana magana da wanda ba ya nan. "Tsohon banza," in ji shi, "har a nan ma sai da ka riga ni. To wa zan zaga yanzu?" Yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Daga nan wani likita ɗan garinsu ya gyara zama ya ce, "Abin da ya burge ni da marigayi, ya san lokacin ajiye abu. Da yanar ido ta fara taɓa shi, hannu ya fara rawa, harbi ɗaya ya kuskure ya rataye bindiga. Wani da sai ya yi ta gardama da tsufa."

Kowa ya gyaɗa kai. Aka ce haka ne, Allah ya jiƙansa. Ni ina tsaye ina zuba shayi. Kwana uku ana faɗin haka, kwana uku ina zuba shayi.

Baba ɗan mafarauta ne daga wajen Ningi. Karatu ya kawo shi ƙasar nan, karatun bai ƙare ba, ya zama makanikin manyan motocin haya har ya yi ritaya. Wani tsohon manomi Bature da ya taɓa gyara wa tarakta ya ba shi izinin farauta a gonarsa, tafiyar awa guda kudu da gidana na Woodbridge. A can barewa ta yi yawa har tana cinye masara. Da na auri 'yarsa ta fari, sai ya fara tafiya da ni. Da farko don jan mota ne da ɗaukar nama.

Shekara goma sha biyar muna tafiya tare, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In lokacin ci ya yi a daji, sai ya ɗauki ƙunshinsa ya koma bayan mota, ya ba ni baya. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. "Malam" yake ce mini. Yaran da aka haifa a nan suna ganin abin kamar wasa, amma haka aka rene mu, kuma ban ga laifinsa ba sai daga baya.

Bindigarsa guda ɗaya ce, irin wadda ake ja hannunta na gaba baya a mayar gaba, kwanso ya fita, sabon harsashi ya hau. Mai-famfo yake kiranta. Asalinta ta harbin tsuntsu ce, amma don barewa yakan sa mata harsashi mai dunƙulen dalma guda ɗaya, wanda a nan ake ce wa silog. Ya ɗaura mata madubin hange a kan wani sirdin ƙarfe da kusoshi biyu suke riƙe da shi ta cikin jikin bindigar. Saboda Inna, surukuwata, ba ta son ganin bindiga a ɗaki, a akwatin ƙarfe na gidana take kwana.

Duk shekara, Asabar ta ƙarshe kafin hukuma ta buɗe lokacin farauta, sai mun je saitin bindiga. Tsarinsa ba ya canzawa. Na farko, ya ɗaure murfin da ke riƙe da bututu da hannunsa har ya ƙi juyawa. Na biyu, ya bi kusoshin madubi ɗaya bayan ɗaya. Na uku, ya kafa babban kwali a gaban tudun ƙasa, ya manna farantin takarda a tsakiya, ya ce faɗin farantin nan shi ne wurin huhu da zuciyar barewa. Sannan ya auna taku hamsin da ƙafarsa, ya ɗora bindigar a kan rabin buhun shinkafa, ya ninke tawul a kafaɗa, domin silog yana harbin mai shi kamar jaki. Sai ya harba uku, yana hutawa a tsakani.

"Harsashi ɗaya jita-jita ne, Malam," yakan ce. "Uku su ne shaidu."

In ukun sun faɗa gefe, ya murɗa madubin kaɗan ya sake uku. In sun shiga faranti, ya ja baya zuwa taku saba'in da biyar ya ga inda suke faɗuwa, kuma iyakarsa ke nan. Ko barewa mai ƙaho mai rassa goma ce, in ta wuce nan, kallonta yake yi. Ba ya haɗa harsashin kamfani biyu. Irin da ya yi saiti da shi, da shi zai shiga daji. In an gama, sai ya goge bayan bindigar da tsumma ba tare da ya taɓa cikinta ba, ya sa a jaka, ya miƙo mini ya ce, "A kulle." Bai taɓa yi mini bayanin dalilin wannan ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Suruki ba ya yi wa surukinsa tambayoyi.

Dalilin saitin dai guda ne, kuma shi yakan faɗa wa kowa: "Barewa ba ta ci maka komai ba. In za ka karɓi ranta, karɓa sau ɗaya." Kafin ya taɓa kunamar bindiga sai ya yi bisimilla. Wuƙarsa tana ƙugu a wase, in ya tarar da sauran rai ya yanka nan take. A shekarun da na bi shi, ban ga dabbar da ta yi taku arba'in bayan harbinsa ba, sai guda ɗaya.

A kan wannan suka ɓata da amininsa Badamagaren. Wata shekara ya biyo mu da aron bindiga da harsasai kala-kala a aljihu kamar gyaɗa. Barewa ta gifta a guje can nesa, ya ɗirka mata biyu, Allah ya sa bai same ta ba. Baba ya sauko daga inda yake, ya karɓi bindigar, ya zazzage harsasan a hularsa.

"Kai wannan ba farauta kake ba, hon kake dannawa."

"Haba, sarkin dawa! Ai ban same ta ba."

"Shi ya sa za ka koma gida a mota. Da ka same ta a ciki, da ƙafa za ka koma."

Baba bai yi masa magana ba har sanyi ya wuce. Amma da aka raba nama, cinya guda ya ba ni ya ce in kai wa "mahaukacin nan", kar in ce daga wa.

Rabon naman nan shi ne abin da mutane suka fi saninsa da shi. Yakan cika kuloli ya bi gidaje daga Alexandria har Landover: matar da mijinta ya rasu, ɗalibai, wanda aiki ya ƙwace masa. Shekarar da harkar gidaje ta durƙushe, na yi wata biyar babu aikin kirki. Ban gaya wa kowa ba. Ran nan sai ga shi da kuloli biyu, ya tsaya a ƙofar gareji ya ce, "Malam, firizata ta cika. Ka taimaka ka ajiye mini. In ya daɗe zai lalace, sai ku riƙa ragewa." Bai ƙara tayar da maganar naman ba. Da shi 'ya'yana suka ci tuwo har bazara.

Yanzu ga abin da na yi.

Shekara huɗu kafin rasuwarsa, ranar saiti, ruwa ya kama mu. Ya gama ukunsa, duka a faranti, har biyu suna taɓa juna. Muka dawo a jiƙe. Washegari na buɗe jaka na ga ɗigon ruwa a jikin ƙarfen. Ni mutum ne da ba na iya ganin kayan aiki da datti. Na ce a raina, tsohon nan ya yi mini abin da uba ke yi, bari in yi masa hidimar da bai tambaya ba. Na shimfiɗa tawul a kan tebur. Na kwance murfin, na zare bututu. Na ga ruwa ya shiga wajen kunama, kuma ba a kaiwa nan sai an cire kusoshin sirdin madubi, sai na cire su. Na jera komai daga hagu zuwa dama, na wanke, na shafa mai, na mayar da kowane abu inda na same shi. Ko sukuru ɗaya bai saura ba. Na ji daɗin aikina ƙwarai.

Ranar buɗe farauta, bayan mun yi asuba a gefen mota, ya zaro ta daga jaka. Ya shinshina. Ya shafa ta da babban yatsa.

"Malam, ka goge ta?"

"Na goge, Baba. Ruwa ne ya taɓa ta."

"Bayanta kawai?"

Daga yadda ya yi tambayar na gane na yi ɓarna. Ban san girmanta ba, amma na gane. Ina tsugune, kaina a ƙasa. In na ce a'a, zai fasa farautar ranar, zai san na taɓa abin da ya ce a kulle, kuma zai yi shiru, shirun da nake tsoro fiye da faɗa. Na ce a raina ai na mayar da komai daidai.

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "Madalla." Ya sa rigar mafarauta mai ruwan lemu a kan jaket, muka shiga.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga wata macen barewa ta fito bakin gonar masara, ta tsaya a gicciye, kanta na duban dama. Ba ta kai taku hamsin ba. Ina bayansa, na ji bisimillarsa. Ya harba. Maimakon ta faɗi, sai ta ƙudundune bayanta, ta ja ƙafa ta shige kurmi.

Muka je wurin. Ya tsuguna ya taɓa jinin, baƙi-baƙi ne, da ɗanyar ciyawa a ciki. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"A tumbi na same ta," ya ce.

Muka ba ta lokaci ta kwanta, sannan muka bi sawu. Ɗigo nan, ɗigo can. Mutum mai shekara kusan saba'in yana rarrafe a cikin ƙaya yana ɗaga ganye ɗaya-ɗaya. Sau biyu muka ga inda ta kwanta ta tashi. Muka yi azahar da la'asar a daji. Sawun ya kai mu wata wayar shinge, bayanta gonar wani ce da ba mu da izinin shiga. Washegari muka koma, manomin ya kira maƙwabcin ya yarda, amma ruwa ya sauka kafin mu isa, ya wanke komai. Ba mu same ta ba.

A hanyar dawowa, a kan babbar hanya, muka yi ta tafiya har muka kusa gida. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Bindiga na gwada ta da hannuna, ba ta ƙarya. Kai ma ba ka ƙarya. Saura ni."

Hannuna biyu suna kan sitiyari. Akwai wurin tsayawa a gefen hanya. Na gan shi, na wuce shi.

Da muka iso ya ce, "A kulle." Bai sake neman ta ba.

Na yi niyyar faɗa masa. Na sa wa kaina rana: bayan sati. Sati ya zo, na ce bari zafin ya huce. Na ce bayan azumi. Na ce ranar salla, in na je gaisuwa. Ranar salla na tsuguna, na gaishe shi, ya sa mini albarka, na tashi. Da shekara ta zagayo na ce masa, "Baba, ko za mu je saiti?" Ina fatan in ya harba ya ga inda take faɗuwa, bindigar ta faɗa a madadina. Ya ce, "Wanda ya bar dabba ta kwana da harsashi a ciki ba ya komawa, Malam. Ubana ma da ya yi haka sau ɗaya, a ranar ya karya bakansa." Duk shekarar da ta wuce, maganar ta ƙara nauyi, domin yanzu ba kwance bindiga zan faɗa ba, shirun shekara biyu zan faɗa, sannan na uku.

Na ga yadda ya canza. An yi masa aikin ido, ya warke, yana karanta Alƙur'ani babu tabarau, amma bai yarda da kansa ba. Ya daina tuƙi da yamma. In zai miƙa kofi sai ya riƙe da hannu biyu, yana kallon hannun. Kulolinsa suka koma wurin ajiye takalma. Gidajen da yake kai wa nama babu wanda ya yi ƙorafi, babu kuma wanda ya maye gurbinsa.

A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, aka bar ni da shi. Na tsuguna a gefen gado na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Me ka yi mini, Malam? Na yafe maka duniya da lahira. Ban taɓa samun ka da ƙarya ba."

Bakina a buɗe yake. Wallahi a buɗe yake. Sai ma'aikaciyar jinya ta shigo da magani, na tashi na ba ta wuri, kuma na ji daɗin shigowarta. Wannan ma sai na faɗa. Yafiyar da na karɓa ranar nan, bai san abin da yake yafewa ba. Na tambayi malamai biyu ko ta wadatar, ɗaya ya ce e, ɗaya ya ce Allah ne masani. Ban samu barci daga ko ɗaya ba.

Bayan sadakar arba'in na buɗe akwatin ƙarfe. Tana nan yadda aka sa ta, da ragowar kwalin harsashinsa. Ban taɓa ko kusa ɗaya ba. Na tafi gonar ni kaɗai, na kafa kwali, na manna faranti, na auna taku hamsin, na ɗora ta a kan buhun shinkafa. Zan faɗi gaskiya: addu'a nake su shiga faranti. In sun shiga, to idon ne, to likita ya yi gaskiya, ni ƙarya kawai na yi ba ɓarna ba.

Na harba uku. Na taka zuwa kwalin.

Farantin fari fat, ko ƙwarzane babu. Ramuka uku suna hagu da shi, taƙi ɗaya da rabi, a cure wuri guda, tafin hannuna ya rufe su. In ka ɗora wannan a jikin barewar da kanta ke duban dama, tumbi ne. Inda ya sa ido nan ya harba. Ni na kawar da bindigar daga inda ya ajiye ta.

Na zauna a ƙasa a gaban kwalin nan ban san iya lokacin ba. Ina ta cewa "Baba, ba bayanta kawai ba ne," da ƙarfi, a gonar Bature, babu mai ji.

Daga can ban biya gida ba sai don in ɗauki matata. A mota na gaya mata. Ta juya fuskarta wajen taga har Alexandria. Inna tana takaba, tana zaune a kan darduma a falo. Na cire takalmi, na tsuguna daga bakin ƙofa da kwalin a hannu, na faɗi komai daga ranar ruwa har ranar asibiti. Ban tsallake ko ɗaya ba. Wannan ne karo na farko da na yi mata magana mai tsawo haka tun da na auri 'yarta.

Da na gama ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Duk shekara in ganye ya fara zuba, sai ya daina cin nama har sanyi ya wuce. Yakan ce mini haƙori ne."

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

"Ba ni ka yi wa ba. Wanda ka yi wa ya tafi, ita ma dabbar ta tafi. Me zan yafe?"

"To me zan yi, Inna?"

"Ban sani ba. Miƙo mini abin nan."

Matata ta karɓi kwalin ta kai mata. Ta ɗaga shi wajen taga, haske ya shigo ta ramukan. Ta sa yatsa a ɗaya, ta sa a na biyu, ta sa a na uku.

"Wannan na nufin da ya harba, daidai ya riƙe?"

"Daidai ya riƙe, Inna."

"Hannunsa bai yi rawa ba?"

"Ko kaɗan."

Matata ta ce tun ranar rasuwar ba a ga hawayen Inna ba. A nan ta kifa fuskarta a kan kwalin. Ba ta ba ni shi ba, ban kuma tambaya ba. Da ta ɗago, ba ta dube ni ba, 'yarta ta yi wa magana: "Gaya wa mijinki ya je ya faɗa wa duk wanda ya ci naman nan. Gida-gida, yadda uban naki yake bi."

Na fara. Na je gida shida, saura da yawa, wasu sun tashi ban san inda suka koma ba, shi ya sa na rubuta. Amininsa Badamagaren ya saurare ni a tsaye a jikin tasinsa har na gama, ya shiga ya ja motarsa bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi so.

Allah ka yi wa bawanka rahama yadda ya yi wa dabbobinka, ka haskaka kabarinsa, ka sanar da shi abin da na kasa sanar da shi. Gobe Landover zan je.